Gargaɗi Mai Ladabi

Mufida ta gama karatun kwamfuta a jami'ar Aliero, kuma kamar duk mai sabon digiri, ta ɗauka babu matsalar da za ta gagare ta. Ta fara da ƙungiyar manoman albasa ta su mahaifinta, Malam Alu. Shekara da shekaru suna loda albasa zuwa kudu, wani dillalin ya biya, wani ya kashe waya. Sai ta rubuta musu kwantiragi mai sarrafa kansa a kan bulokcen, wato rijistar intanet da ba mai iya sauya abin da aka rubuta a ciki: mai saye ya zuba kuɗi, kwantiragin ya riƙe, in mota ta isa ya sakar wa manomi. Malam Alu bai gane ko kalma ɗaya ba, amma don kada 'yarsa ta ji kunya, shi ya fara ba da sunansa, ya sa albasar shekarar duka. Ko buhu ɗaya bai rage ba.

Kada a ce Mufida ba ta tuna da ɓarawo ba. Ta haɗa manhajar da ke sa ido a kan kwantiragin ba hutu. Da baƙon hannu ya taɓa kuɗin, saƙo zai faɗo wayarta da ta shugaban ƙungiyar nan take. Ta sa ƙa'ida cewa rabon mutum ɗaya kawai ke iya fita a kowane minti biyar. Sannan ga maɓalli guda, da an danna komai ya tsaya cak. Wanda zai riƙe maɓallin kuwa, ko tambaya ba a yi ba. Alhaji Mas'ud ne shugaba, shi ne babba, a wayarsa aka sa, da yatsansa ake buɗewa.

Ranar gwaji, a gaban manoma, wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya karanta: HATSARI. ANA JAN KUƊI. DANNA NAN. Ya ajiye wayar a hankali.

"Ɗiyata, wa yar rubuto min wanga?"

"Manhajar ce, Baba Alhaji."

"To wa yak koya mata magana? Ba sallama, ba gaisuwa, sai umurni? Ko jikokina ba su yi min haka."

Aka yi dariya, ban da Malam Alu, wanda ya sunkuyar da kai. A hanyar gida ya ce mata, "Ki gyara abinga. Kar a ce ban ba ki tarbiyya ba."

Ta gyara. Sabon saƙon ya fara da sallama, da barka da war haka, da ina gajiya, ina iyali, Allah ya ƙara girma, sannan can ƙasa ya ambaci hatsarin. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Abin da babu wanda ya lura shi ne, wayarsa layi uku na farko kawai take nunawa, shi kuma bai taɓa ganin dalilin buɗe gaisuwa ba.

Da hantsi wata rana, motoci na kan hanya, masu saye sun riga sun zuba, wayar Mufida ta yi ƙara. Wani ya sami ɓarakar da ita ba ta gani ba, yana kwashe rabon manoma ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasan jerin sunaye zuwa sama. Sunan babanta ne a can sama.

Ta kira Alhaji sau huɗu. Yana garin Jega cikin manyan dillalai, kuma ba ya amsa kiran yara a gaban manya. Can sai ga amsarsa ga manhajar: "Wa alaikumus salam. Lahiya lau. A gai da Alu."

Ta tare ɗan kabu-kabu, ta hau babur sai Jega. Duk minti biyar wayar na girgiza a hannunta, suna ɗaya na tafiya. Tsoro ya kama ta sosai. Ta tuna babanta tsugune a fadama yana ban ruwa wata huɗu. Ta ƙudura da ta isa za ta fizge wayar Alhaji, ta kama yatsansa ta danna, a zage ta daga baya.

Ta same shi a rumfa, kan tabarma, dattawa shida kewaye da shi. Sunan babanta kaɗai ya rage. Ta buɗe baki, amma gwiwoyinta sun riga ta, sai ta tsinci kanta a durƙushe.

"A'a, Mufida ta? Ina kwana?"

"Lahiya lau, Baba. Baba, wayar..."

"Ina Alu? Ina mutanen Aliero? Kin gai da iyayenki kuwa?"

Ta juya ta gai da dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa ina gajiya, ita kuma tana amsa babu gajiya. Tana kan na biyar wayarta ta girgiza. Ba ta duba ba, ta san sunan wa ya tafi.

Ta Alhaji ma ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya yi murmushi, ya nuna wa dattawan.

"Kun gani? Tun da sahe take gaishe ni, ba ta gajiya. Aikin ɗiyar Alu na." Ya mayar da wayar aljihu. "To, ɗiyata, mi at tahe da ke?"