Takardar Mai Agogo

"Kara nawa yake sha a rana?" likitan ya tambaya, yana ɗaga hoton ƙirjin Mai Agogo saitin taga.

"Karan me?" in ji matar Mai Agogo.

"Sigari, Mama."

"Sigari? Wannan bawan Allah ko warinta ba ya so! Shekararmu talatin da ɗaya tare."

Ni na rako su asibitin, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma da yake koyarwa nake, duk abin da ya shafi takarda a layinmu ni ake nema. Likita ya tambayi inda yake sana'a. Na ce teburin gyaran agogonsa yana bakin titi, inda manyan motoci ke tsayawa da inji a kunne. Bayan gidajenmu kuma akwai filin da ake ƙona tsofaffin tayoyi don a cire wayar ciki.

"To, ya sha," in ji likitan a hankali. "Dukanku kun sha. Shi ne na huɗu da na gani daga wajenku bana."

Mai Agogo yana kwance da robar iska a hanci, amma kunnensa ras. Ranar da aka sallamo shi ya sa aka kira ni.

"Malama, ɗauko biro. Rubuta mai wanki, da ta rasu bara. Rubuta mai faci da ƙaninsa. Rubuta jaririyar tela, wata biyar."

Kowane suna sai ya huta, ya ja numfashi. Mutum goma sha ɗaya muka samu cikin shekara uku.

"Kullum cewa muke kwana ya ƙare," ya ce. "Haka ne. Amma me ya sa namu kwanan da tari yake ƙarewa? Ƙara za mu kai ofishin kula da muhalli."

"Kai da ko ruwa da ƙyar kake haɗiya, kai ne da kai ƙara?" in ji matarsa.

"Ke dai fitar min da kujera."

Kwana shida yana zama a ƙofar gida da takardar a cinya. Murya ta dishe, sai dai ya yafito mutum da hannu, ni in karanta wa mutumin buƙatunmu ya sa hannu: a sama wa masu tayoyi wuri a bayan gari, direbobi su riƙa kashe inji. Har mai ƙona tayoyin ya yafito.

"Baba, abincina ke nan fa," in ji mutumin.

"Na sani, ɗana. Ban ce a hana ka ba. Amma ina jin tarin 'yarka daga ɗakina."

Mutumin ya jawo takardar. Sannan ya dangwala yatsansa da ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin taya, ko tawada bai buƙata ba.

Ranar Talata da hantsi jikin ya tsananta. Na shiga na same shi jingine da matarsa.

"Malama, kin bar layi ɗaya a ƙasan sunayen?"

"Na bari."

"To, madalla."

Kafin azahar ya cika. Matarsa ce ta riƙe min takardar na rubuta shi, na goma sha biyu.

Yanzu wata biyu ke nan. Direbobi sun fara kashe inji, don matan layi ba sa barin kowa ya zauna lafiya sai ya murɗa makulli. Filin kuwa yana nan yana hayaƙi. Jiya muka koma ofishin kula da muhalli, ni da matar Mai Agogo, zuwa na biyar.

"Mama, na gaya miki oga yana taro," in ji akawun. "Zai iya kaiwa yamma."

"Ɗana, wa na bari a gida da zai jira ni?"

Ta zauna a bencin da ke fuskantar ƙofar ogan, ta cire takalmanta ta jera su a ƙasa, ta gyara zaman mayafinta.