Bindigar Zarmina

"Ɗaga ta sosai, 'yata. Ba tsintsiya ba ce."

Zarmina ta ɗora gindin bindigar mai baki biyu a kafaɗa. Kafin ta daidaita ido, bakin ya sunkuya yana kallon tabarmar shagon. Mahaifinta, Haji Dilawar, ya girgiza kai. Samandar Khan mai shagon ya ɓoye dariya cikin kofin koren shayinsa.

"Haji, wannan fa ta fi ta nauyi."

"Irinta nake riƙewa shekara arba'in. Ko ɓarawon kaza bai taɓa leƙa gidana ba."

Abin da ya kawo su bai kai wata biyu ba. Da tsakar rana wasu mutum uku suka shiga gidan maƙwabta a unguwarsu ta bayan birnin Peshawar, suka ɗaure tsohuwar gidan da gyalenta, suka kwashe abin da suka ga dama. Mijin Zarmina yana tuƙin babbar mota a Sharja, can ƙasar Larabawa, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Gidan daga ita sai 'ya'yanta mata biyu sai tsohon. Shi ne ya matsa mata ta nemi lasisin bindiga, ya yi ta jeka-ka-dawo a ofisoshi har takardar ta fito da sunanta. Ta yi mamaki, don a saninta mahaifinta mutum ne da ke cewa alli ya ishi malamar makaranta irinta.

Samandar ya karɓi bindigar ya mayar bango.

"Ƙanwata, yaran naki shekarunsu nawa?"

"Tara da biyar."

"To kafin a yi maganar bindiga, za ki ɗauki akwatin ƙarfe mai makulli. Wanda bai ɗauka ba, ba na sayar masa, ko da ɗan'uwana ne. Sai mu je ki gwada da hannunki. Ba a zaɓar wa mutum takalmi da ƙafar ubansa."

"Ka ji ɗan kasuwa," in ji Haji. "Ya sayar mana da akwati tun ba mu sha shayi ba."

Filin koyon harbin yana gefen gari, jikin wani tudu. Aka toshe musu kunnuwa, aka kafa allon takarda a nesa. Zarmina ta fara da mai baki biyun don ta faranta wa tsohon. Ƙarar ta tura ta baya taku biyu, kafaɗarta ta ɗau zafi. Sai ta nuna wata 'yar ƙarama da ta burge ta tun a shago, wadda za ta shige jakar hannu. Wannan kuma zillo ta riƙa yi a tafinta kamar kifi, harsashi biyar babu wanda ya taɓa takardar.

"Tudun dai ya ji jiki," Haji ya ce.

"Baba, ka bari mana!"

Ta ukun matsakaiciya ce, baƙa, ba ta da wani kyau. Amma ta zauna mata a hannu daram. Ta ja numfashi kamar yadda Samandar ya nuna mata, ta matsa kunamar a hankali. Huɗu cikin biyar suka huda takardar, ɗaya kusa da tsakiya.

"Ba laifi," tsohon ya ce, yana ta shafa gemu don kada a ga bakinsa. "Amma tsayuwarki ta malamai ce. Kawo ki gani."

Ya karɓa, ya gyara ƙafa, ya miƙe hannu. Zarmina na tsaye a bayansa, ta ga bakin bindigar yana rawa. Ya runtse ido ɗaya, ya buɗe, ya runtse ɗayan. Ya daɗe a haka. Daga baya ya sauke hannu, ya ajiye ta a kan tebur ba tare da ya harba ba.

"Rana ce ta shige mini ido."

Rana kuwa tana bayansu. Samandar ya duƙa yana tsintar kwanson harsashi.

"Wannan zan ɗauka," Zarmina ta ce. "Da akwatin. Kuma duk Asabar zan zo, Baba zai raka ni ya gyara mini tsayuwa."

A cikin keke mai ƙafa uku, akwatin na tsakanin ƙafafunsu, suka wuce kasuwar kayan marmari. Sannan Haji ya ce, yana kallon titi, "Tun kafin azumi na cire harsasan bindigata. Na ji tsoron wata rana in ga inuwa a soro, ashe ɗaya daga cikin yaran ce. Duk zaman da kika ga ina yi a bakin ƙofa, fanko nake riƙe da ita."

"Na sani, Baba."

Ya juyo.

"A buhun shinkafa ka ɓoye su. Saura kaɗan in dafa mana."

Tsohon ya kalle ta, kafaɗunsa suka fara girgiza don dariya, har sai da direban ya leƙo ta madubi. Ya share ido da bakin rawaninsa.

"Kada ki faɗa wa mijinki."

"Ba zan faɗa ba."

Ta zaro makullan akwatin guda biyu daga jakarta. Ta rataya ɗaya a wuyanta, ta miƙa masa ɗayan. Ya dube shi a tafinta, ya naɗe mata yatsu a kai, ya mayar mata.