Shafi Ɗaya, Sakan Shida

"Juya!" in ji hedimasta Malam Muhtari, idonsa a kan agogon hannunsa. Malamai biyar da shi kansa suka taɓa gilashin tabulet ɗinsu a tare, shafuka shida suka juya. Aka yi shiru na sakan shida. "Juya!"

Kwana tara ke nan ana wannan hidima a ofishin malamai na wata firamare da ke gefen Sakajiki. Wata ƙungiya mai ofis a Kaura Namoda ce ta raba wa malaman tabulet bakwai a farkon zango, kowanne ɗauke da littattafai sittin, domin a farfaɗo da al'adar karatu, kamar yadda takardarta ta ce. Sharaɗin guda ne: a ƙarshen zango za a zo a duba, wanda ya fi kowa ƙarancin littattafan da ya kammala a karɓe nasa. Yau ce ranar dubawa.

Manhajar karatun kyauta ce, irin wadda masu sha'awa suke haɗa hannu su gina, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda take aiki. Sai dai tana da wata ɗabi'a da ba a saba gani ba a wurin aiki: abin da ya faru shi take rubutawa. Duk shafin da aka juya kafin sakan biyar ba ta lissafa shi. Malam Muhtari ya gano haka ranar da ya gama littattafai huɗu a zama ɗaya, ta ba shi sifili. Da yake mutum ne mai tsantseni, sai ya ƙara sakan ɗaya a kan biyar ɗin.

Malami na bakwai, Malam Ubaidullahi, yana can bakin taga da nasa a hannu, bai shiga sahu ba. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyya a aji biyar, saura masa huɗu ya yi ritaya. Idonsa ya daɗe da sallamar ƙananan haruffa, tabarau biyu sun gaza sasanta su. Ranar da ya gano cewa in ya ware yatsu biyu a kan gilashin haruffa suna kumbura su kai girman ƙwayar wake, bai ci abincin rana ba. Ya zaɓi wani littafin Turanci a kan gajimare da iska da yadda ruwan sama yake haɗuwa. Kalmar da ta gagare shi sai ya danne ta da yatsa, ma'anarta ta fito. Wata uku yana cikinsa, ya kai rabi da ɗan wani abu.

"Malam Ubaidu, nawa ka gama?" in ji hedimasta, ba tare da ya ɗaga ido daga agogo ba.

"Ina cikin na farko, ranka ya daɗe."

"Na farko! Juya! Malama Saliha na cikin na sha tara."

Malama Saliha, mai aji biyu, tana juya shafi da babban yatsan hagu, tana tsince zogale a tire da na dama. Ta ce, "Wallahi Baba, wanga na sha tara ya fi daɗi. Gajere ne."

"A kan mi yake magana?"

"Kai Baba, ka cika tambaya. Koren bango gare shi."

Wajen sha ɗaya babura biyu suka tsaya a gaban makarantar. Madam Beatrice, jami'ar ƙungiyar, ta sauko da jakar fom-fom. A bayanta Gyang ne, mai shagon gyaran waya a Kaura Namoda, wanda ya saka manhajar a tabulet ɗin tun farko. Ya shekara goma sha biyu a garin, gemunsa ya fara furfura, kuma ya san malaman ɗaya bayan ɗaya ta wayoyinsu da suka lalace.

Aka jera tabulet a tebur. Gyang yana buɗe shafin ƙididdiga yana faɗa, Madam tana rubutawa. Hedimasta goma sha huɗu. Malam Kamilu goma sha ɗaya. Malama Saliha goma sha takwas da rabi. Madam ta ajiye biro ta tafa mata.

Gyang ya daɗe yana kallon gilashin. "Madam, akwai abin mamaki fa. Su shidan nan, kowane shafi sakan shida suke yi. Na hoto sakan shida, na lissafi sakan shida. Har shafin da ba a rubuta komai ba."

"Horo ke nan," in ji hedimasta. "Nan makarantar tare muke komai."

Madam Beatrice ta duba fom ɗinta sama da ƙasa. "Babu gurbin sakan a nan, Gyang. Ci gaba."

Ya ɗauki na ƙarshe. "Malam Ubaidullahi. Awa ɗari da goma sha shida. Layukan da ya ja wa alama ɗari biyu da..."

"Littattafai nawa?"

"Babu, Madam. Amma..."

"Sifili," ta faɗa tana rubutawa, da tausayi a muryarta. "Baba, me ya faru? Ba ka son karatu ne?"

Malam Ubaidullahi ya miƙe, ya gyara hularsa. Ya ce shekara talatin yana gaya wa yara cewa gajimare hayaƙi ne na ruwa, haka aka koya masa, sai a babi na huɗu ya gano ɗigo ne ƙanana masu rataye a iska. Ya ce makon jiya ya sa tafasasshen ruwa da faranti a gaban aji, yara suka ga ruwa na ɗiga, har wata yarinya ta yi salati. Yanzu ya iso inda ake bayanin abin da ya sa hadarinmu yake tasowa daga gabas alhali iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa. Wannan tambaya tana cin sa tun yana yaro a gonar ubansa.

Madam ta saurara cikin ladabi har ya gama. "Na ji daɗi, Baba. Amma fom ɗin nan ba ni na tsara shi ba. Lamba ake so."

Mutuniyar kirki ce, don haka ta yi masa sassauci. Matar hedimasta ta aiko da dambu, kuma dole su kama hanyar Kaura kafin la'asar. Har ta gama cin abinci ta huta, ba za ta sa hannu a fom ɗin ba.

Hedimasta ya ja Malam Ubaidullahi gefe yana lissafi da yatsu. Na biyun ƙarshe Malam Safwan ne, mai littattafai uku. Akwai ƙananan littattafan yara masu shafi arba'in-arba'in. Huɗu daga cikinsu ba za su ci minti ashirin ba. "Ka ceci allonka, Malam. Ga agogona."

Malam Ubaidullahi ya karɓi agogon ya shiga aji biyar, wanda babu kowa a ciki saboda yara sun fita hutu. Ya zauna a bencin gaba da cikakkiyar niyya. Ya taɓa tabulet ɗin domin ya fita ya nemo littattafan yara. Amma manhajar, kamar kullum, ta buɗe masa daidai inda ya tsaya. Ya ce a ransa bari ya ƙarasa sakin layi ɗaya tak, tunda a hannu yake. A ciki akwai kalmar da bai sani ba, ya danne ta. Ma'anar ta kai shi ga zanen da ke shafi na gaba, zanen kuma ya mayar da shi baya.

Da Gyang ya leƙo bayan awa guda, ya same shi ya ci shafi uku, agogon hedimasta yana kife a kan benci.

"Baba, ka samu amsar gabas ɗin?"

"Saura kaɗan, Gyang. Akwai wata iska can sama da ba mu ji a jikinmu."

"To kawo tabulet ɗin," in ji Gyang a hankali.

A ƙa'idar ƙungiyar, tabulet ɗin da aka karɓe ana ba wanda ya fi kowa ƙwazo, domin ƙarfafa gwiwa. Aka tara ɗalibai a rana. Madam Beatrice ta miƙa wa Malama Saliha, aka ɗauki hoto. Sannan ta sanar cewa mai tabulet biyu ana sa ran ta ninka adadinta a zango mai zuwa, wato littattafai talatin da bakwai. Murmushin Malama Saliha ya tsaya inda yake har babura suka ɓace.

Malam Ubaidullahi yana ɗaure jakarsa a bayan keke sai Malama Saliha ta iso, tana murza babban yatsanta.

"Baba, don Allah ka rufa mini asiri. Ga goyo, ga girki, wanga yatsa har ya kumbura. Ka riƙe shi wurinka. Ka riƙa juya mini guda goma sha tara, saura lokacin ka yi abin da kake yi da shi."

"Karatu."

"Awo, shi. Amma fa sunana za a rubuta."

Malam Ubaidullahi ya yi lissafi a tsaye, bakinsa na motsi. In ya zaɓi gajeru, minti ashirin a rana zai ishe shi. Ya goge hannu a rigarsa, ya karɓa da hannu biyu.

"Wane launin bango kike so in fara da shi, Malama?"