Ambaliya Huɗu a Hannun Yaya

Akwatin kati biyu. Littafi mai baƙin bango. Biro uku. Takardar rajista da ba a cike ba tukuna. Gorar ruwa. Maganin ciwon kai. Abin da ke cikin jakar Auta ke nan, jakar kuma tana kan cinyarta tun da motar ta tashi zuwa gasar wasan kati. Yayanta na gefe yana gyangyaɗi, da zare maƙale a kafaɗar rigarsa, don daga kan keken ɗinki ya taso.

Wasan nasu ba karta ba ne. Kowa shi ke zaɓen katinsa sittin cikin dubbai, ya haɗa abin da suke kira runduna, ya kara da ta wani. Bana kowa rundunar Teku yake riƙewa. Auta ta ƙi bin yayi. Ta haɗa tata, Tururuwa: ƙananan mayaƙa masu yawa da ke cinye mutum kafin ya gama gyara zama. Wata uku tana gwada ta a kan teburin yanka na shagon Yaya, bayan an ture almakashi da alli gefe, shi yana riƙe da Teku. Wasa ɗari da arba'in, ta ci ɗari da biyu. Duk yana cikin littafin.

Sun isa zauren gasar ƙarfe goma da rabi. Sha biyu za a rufe karɓar takarda, kuma rundunar da mutum ya rubuta, da ita zai buga har ƙarshe. Mutum takwas kacal za su wuce babbar gasa. Yaya ya tafi neman shayi.

A teburin gwaji akwai wata mata mai tabarau, malamar lissafi ce, kowa Malama yake ce mata. Ta ɗaga wa Auta hannu.

"Ƙanwata, zo mu ɗumama hannu. Teku ce da ni, kamar kowa."

Auta ta zauna tana murmushi. A zagaye na biyar teburin ya cika da tururuwanta. Malama ta ajiye kati guda. Ambaliya, katin da ke share duk wani ƙaramin mayaƙi lokaci ɗaya. Teburin ya koma fayau.

"Sa'a ce," in ji Auta.

Wasa na biyu, Ambaliya. Na uku, Ambaliya sau biyu. Auta ta zaro littafin tana buɗewa da sauri har wani shafi ya yage.

"Ba zai yiwu ba, Malama. Cikin wasa ɗari da arba'in, sau tara kawai aka saukar mini da ita."

Malama ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Sau tara? Kati huɗu ne cikin sittin. Kafin zagaye na biyar mutum ya ga kati sha biyu. Sau shida cikin goma tana hannunsa. Ko dai littafinki ƙarya yake, ko rundunar gwajinku ba ta cika ba. Ƙirga."

Auta ta buɗe akwati na biyu, ta baje katin Yaya. Sittin cif. Ambaliya ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Ga su nan. Duk suna ciki."

"To," Malama ta ce a hankali. "Idan kun gama wasa, abokin gwajinki yana buɗe miki abin da ya rage a hannunsa? Ai shi ne ƙa'idar gwaji."

Auta ta tuno hannun Yaya, yatsun nan masu kanta. Duk ƙarshen wasa sai ya kife katinsa, ya cusa cikin tari, ya hau cakuɗawa yana cewa, "Kai, yarinyar nan ba ki da imani!" Sau ɗari da biyu. Ita kuma tana dariya tana rubutawa.

Sai ga Yaya da kofi biyu yana kaucewa mutane. Ya ga katunan huɗu a jere. Ya tsaya cak, shayin ya zubo masa a yatsa bai ko motsa ba.

"Yaya, riƙe su kake yi?"

"Auta, sha shayinki tukuna."

"Riƙe su kake yi?"

Ya ajiye kofunan. "Ba kullum ba."

"Sau nawa?"

"Wa ya ƙirga? Ni tela ne, ba akawu ba." Ya yi 'yar dariya, ba wanda ya taya shi. "Ke, wata takwas tun da aka sallame ki daga aiki ba wanda ya ga haƙorinki. Inna har ta daina tambayata. Ranar da kika fara ci na da tururuwan nan, kika yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Sai in sa ruwa in share? Ni ba zan iya ba."

"Gwaji na ce ka yi mini, ba jinya ba."

"Ai na ɗauka in kika zo da ƙarfin zuciya…"

"Ƙarfin zuciya ba ya hana kati fitowa," in ji Malama, tana tattara nata.

Auta ta dubi littafin. Layi-layi, da rana da sakamako, rubutu tsaf kamar na asibiti. Babu shafi ɗaya da za ta iya dogara da shi. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata.

"Ki rubuta Teku kawai," Yaya ya ce ƙasa-ƙasa. "Ga ta nan a haɗe. Ba za ki ji kunya ba."

Ta miƙa masa littafin, ya karɓa da hannu biyu kamar mai zafi.

A ƙarshen zauren akwai ɗan ɗaki da ake jibge kujeru, da tebur guda mai gurguwar ƙafa. Auta ta kwashi akwatinta.

"Malama, ki ara mini minti arba'in. Ki yi ta ci na, kada ki saurara, har in gano katin da zan sauya."

"Da ma ni ban iya tausayi ba. Tambayi ɗalibaina."

Suka shiga. Yaya ya biyo su har bakin ƙofa, da littafin a ƙirji.

"In zo in riƙa rubuta miki?"

Auta ta tura ƙofar ta rufe, ta murza makulli. Ta cikin katakon ya ji muryarta.

"Da Tururuwa zan shiga, ko da zan zo ta ƙarshe. Kai kuma ba za ka sake zama gabana da kati ba."