Awa Tamanin a Ɗakin Gwangwani

Ranar da takardar gwamnati ta iso, Orville Tackett ya zagi duk mai hannu a sabuwar dokar, tun daga na Washington har wanda ya jefa masa ita a akwatin wasiƙu. Wai duk mai son a ci gaba da sa masa kuɗi a katin abinci sai ya yi aikin awa tamanin a wata, ko da na sa kai ne, in dai bai cika shekara sittin da biyar ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin kwal, shi za a koya wa aiki. Sai dai zagin bai wuce bangon gidan ba, don babu mai ji. Matarsa ta shekara huɗu da rasuwa, 'yarsa tana Texas, ba ta kira sai Kirsimeti.

Haka ya tafi neman awoyinsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocin garin, inda ake raba wa mabuƙata abinci, yana cika yana batsewa. Geneva Pruitt ce mai kula da wurin, mace mai baki, ita ke sa hannu a takardar awoyi.

"Tsoho, gwangwanin wake nan, na masara can," in ji ta. "Ko sai na zana maka?"

"Ke dai ji da takardunki, uwar iyayi."

Su shida ne, don ɗakin ba ya ɗaukar fiye da haka, aikin ma ba ya isar bakwai. Suna jera gwangwani, suna shan kofi mara daɗi, suna gulmar gwamnati. Orville ya fi kowa zagin dokar, kuma shi ke riga kowa zuwa. Har aski ya koma yi. Gaskiyar da ba zai faɗa ba ita ce, nan kaɗai ake kiran sunansa.

Shi ya sa da watan Maris ya kama, watan da zai cika sittin da biyar, bai gaya wa kowa ba. Ya manta ranar haihuwarsa tana rubuce a kan kowace takarda da Geneva ke sa wa hannu.

Ranar Juma'a ya sauko matakala ya tarar da kek a kan tebur. Aka yi masa tafi.

"Sittin da biyar," in ji Geneva. "Ka fita ƙangi, tsoho. Daga yau ka miƙe ƙafa a gida, katinka ba mai taɓa shi."

Ya yi dariyar yaƙe. Sai da sauran suka koma bakin aiki ya matsa kusa da ita.

"Ai zan iya ci gaba da zuwa. Ba sai kin rubuta komai ba."

Ta ajiye wuƙar kek ɗin. "Orville, ka san Charlene Bascom? Autanta ya girma, ta fita sahun masu ƙananan yara da aka ɗaga wa ƙafa, doka ta hau kanta. Wata biyu tana jiran gurbi. In ba ta samu awoyin nan ba, za a rufe mata kati."

"Ko shara ce sai in yi."

"Sharar ma awa ce a wurin wani." Ta dafa kafaɗarsa. "Ka riƙa leƙo mu mana."

Ya san Charlene, ya san gidan da take ciki. Ya ɗauki ragowar kek a faranti na takarda ya tafi. Baƙin ciki ya tokare shi a hanya, ga shi ba wanda zai zaga.

Laraba ce ranar rabo. Kabad ɗinsa cike yake, amma ya yi aski, ya sa rigarsa mai kyau, ya shiga layin masu karɓa a bakin coci. Duk lokacin da ya kusa ƙofa sai ya ce wa na bayansa ya wuce, shi ba sauri yake ba. Daga ƙasa yana jiyo su suna dariya, da wata murya da bai saba ji a can ba, ta wadda ta maye gurbinsa.

Da layin ya ƙare dole ya sauka. Ya tanadi tsokanar da zai yi wa Geneva tun daga gida. Tana duƙe kan takarda, waya maƙale a kunnenta. Ta turo masa kwali, ta ɗan yi masa murmushi, ta dubi bayansa.

"Na gaba," in ji ta.

Babu kowa a bayansa.