Jatau Ya Riƙe Hannun Hagu

A bazarar 1972 gwamnati ta sanar cewa daga wata ranar Lahadi duk mai tuƙi a Najeriya zai bar hannun hagu ya koma hannun dama. Rediyo ta yi makonni tana maimaitawa. Mu'azu mai amalanken shanu yakan ji ta a wurin mai shayi a Gumel, ya shanye shayinsa ya tashi. A ganinsa maganar masu mota ce, shi kuwa bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Sana'arsa dakon kaya tsakanin Gumel da Maigatari. Ranar Laraba ya tafi da gero, ya ci kasuwa Alhamis, ran Juma'a ya dawo da kanwa. Shanunsa biyu ne. Fari yana dama a karkiya, ƙarfi ne da shi amma ba dabara. Jatau yana hagu, shi ne mai kai, duk inda ya karkata nan Fari yake bi.

Hanyar a lokacin ƙarama ce, tsakiyarta ce kawai mai ƙarfi, gefe da gefe rairayi. Saboda haka a tsakiya amalanke yake tafiya, sai in mota ta zo a kauce. Tun Jatau yana ɗan maraƙi Mu'azu ya koya masa wannan. Da an ji ƙarar mota sai ya sauko, ya ja igiyar hancinsa zuwa hagu, ya shafa masa wuya, ya ba shi dusa da ɗan gishiri a tafin hannu. Ya yi haka wata da watanni, bai taɓa ɗaga masa sanda ba. Daga baya Jatau ya riƙa ratsewa da kansa, tun kafin mutum ya ji motar. Shekara bakwai ke nan. Mu'azu, da yake gwiwarsa ta hagu tana damunsa, sai ya hau kan kaya ya zauna, wani lokaci har ya yi gyangyaɗi, bai taɓa samun matsala ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci canjin, ya haɗu da Dogo direba a tashar Maigatari. Dogo yana jan babbar mota daga Kano har Damagaram, kuma bakinsa ba ya shiru.

"Baba Mu'azu, ka gaya wa abokinka kuwa?"

"Wane abokin nawa?"

"Jatau mana. Gata fa ake komawa dama. Har keke, har amalanke, har jaki in yana kan titi."

"Har amalanke?"

"Wallahi. Mu da muke tsallaka iyaka mun saba. Can ai dama suke bi tun da can. Ka ga wannan?" Ya nuna jan ƙyalle a wuyan hannunsa. "In na shiga Nijar in ɗaura shi a dama, in na dawo in mai da shi hagu, don kada in manta. Yanzu na huta da kwance-kwance. Kai ma ka samo wa Jatau nasa, ka ɗaura masa a ƙaho."

Mutanen tasha suka yi dariya, Mu'azu ma ya yi. Ya ce sa mai hankali ne, sau biyu za a nuna masa ya gane.

Laraba ta zagayo. Mu'azu ya fito da buhu takwas na gero, ya zauna a bakin amalanke riƙe da igiya, bai yarda ya yi gyangyaɗi ba. Da hantsi, suna tsakiyar hanya, ya ga kunnuwan Jatau sun miƙe. Can ya hango ƙura a baya. Ya ja igiya zuwa dama yana cewa, "Nan, Jatau, nan!" Jatau ya girgiza kai, ya yi abin da aka koya masa. Ya karkata hagu, Fari ya bi shi, amalanke ya gitta a daidai inda motar ta nufa don ta wuce.

Motar Dogo ce. Ya danna ham, ya taka birki, ya murɗa sitiyari, ta faɗa rairayi ta karkace kamar za ta kife, sannan ta tsaya. Mutanen da ke saman kaya suka yi ta salati. Wata tsohuwa mai daddawa ta faɗo tare da ƙwaryarta, hannunta ya karye.

Dogo ya diro ya nufo Mu'azu. Ba raha a bakinsa ranar.

"Baba, mutum arba'in ne a bayana! Arba'in! Da ta kife me za ka ce wa Allah?"

Mu'azu ya sauko daga amalanke. Jatau kuwa yana tsaye a gefen hagu, ya juyo da kai yana jiran a shafa masa wuya.

Washegari sarkin tasha ya kira shi a gaban wani ɗan sanda. Bai yi masa faɗa ba, don sun san juna tun suna samari. Ya ce, "Mu'azu, direbobi sun ce ba za su yarda ba. Na roƙa maka kasuwa biyu. In Jatau bai koyi dama ba, kada a sake ganin sa a kan titi. Ka san kuma inda irinsa yake ƙarewa." Ya nuna ɓangaren mahauta da haɓa.

Matarsa Safara'u ce ta riƙa kai wa tsohuwar kunu a gidan mai ɗori. Da ta dawo rana ta uku ta same shi zaune a bakin turke, ya zuba wa Jatau ido.

"Malam, kallonsa ba zai koya masa komai ba. Tashi mu gwada."

Suka fita bayan gari inda ba kowa. Safara'u ta ɗauki garwar kananzir ta zuba tsakuwa, ta koma baya tana girgizawa tana gurnani da baki, wai ita mota. Mu'azu ya riƙe dusa a gefen dama. Jatau ya waiwaya ya kalle ta, ya ci gaba da tuƙa abincinsa.

"Bai ɗauke ni mota ba," in ji ta tana haki.

"Ko ni ban ɗauke ki ba."

"To, kai ka zo ka yi, tunda ka fi ni murya."

Suka gwada musanya su a karkiya, Jatau a dama, Fari a hagu. Nan ma ba a je ko'ina ba. Kowanne ya saba da ɗaukar nauyi a gefe ɗaya na wuyansa, sai suka riƙa juyar da gindi waje suna haɗa kai, har karkiyar ta nemi tsagewa. Wani maƙwabci ya ce a toshe masa kunne da auduga. Aka toshe, aka kai shi bakin titi. Mota tana nesa Jatau ya ji ta a ƙafafunsa, ya taka zuwa hagu da audugar a kunne.

Laraba ta biyu Mu'azu ya ce da ƙafa zai tafi. Ya riƙe igiyar hancin Jatau, ya shiga gaba, ya bi rairayin gefen dama tun daga Gumel. Ƙafafun amalanke suna nutsewa, shanun suna nishi. Kafin azahar gwiwarsa ta kumbura. Mota ta farko ya ci nasara, ya rataye a igiyar da duk nauyinsa har ta wuce. Ta biyu ma haka. Ta uku ta zo daga gaba, a lokacin ƙafarsa ta daina ɗaukarsa sosai. Jatau ya fizge, ya ja shi ƙasa, ya nufi hagu. Mu'azu ya tashi a gigice, ya ɗaga sandar da yake dogarawa, ya rafka masa a hanci. Ya sake. Ya sake.

Motar ta wuce lafiya, direban ya leƙo yana zagi. Jatau ya tsaya cik a tsakiyar hanya, jini yana ɗiga daga inda igiyar ta yanke shi. Ya taka ƙafa ɗaya hagu, ya janye. Ya taka dama, ya janye. Fatar kafaɗarsa tana rawa. Mu'azu ya miƙa hannu zai shafa shi, sai san ya kau da kai, abin da bai taɓa yi ba.

Mu'azu ya zauna a rairayi ya daɗe. Yana tunanin ranakun da ya yi yana sauka yana hawa da dusa a hannu, yana murna duk sanda ɗan maraƙin ya gane. Shi ne ya sa wa Jatau abin nan a kai da hannunsa, yau kuma shi ne yake dukansa a kai. Bai ƙarasa Maigatari ba sai bayan la'asar, geron ma wasu ne suka sauke masa.

A kasuwar shanu ya nemi Sajo, Bafulatanin da ya sayar masa da Jatau tun yana shan nono. Sajo ya zagaya san, ya duba hancin, ya dubi Mu'azu.

"Kaɗo, kai ne ka yi masa wannan?"

"Ni ne."

"Me ya ci maka?"

Mu'azu ya ba shi labari tun daga farko. Sajo ya jingina da sandarsa yana saurare, bai katse shi ba.

"Shekararsa nawa yana yin hagu?"

"Bakwai."

"To ka ba shi bakwai ya yi dama."

"Kasuwa ɗaya ta rage mini, Sajo."

"Ashe ka san amsar. Ƙaramin sa kana juya shi yadda ka so. Wannan kuwa abin ya shiga ƙashinsa. In ka ci gaba da dukansa zai daina yin hagu, ya ƙi yin dama, ya riƙa tsayawa a tsakiyar titi yana rawar jiki. Sannan motar ta kwashe ku duka."

"In kai shi Nijar fa?"

Sajo ya yi dariya kaɗan. "Can ai sun riga ku dama. Babu inda ya rage masa, sai inda ba mota."

Wani mahauci da ke kusa ya matso, ya danna cinyar Jatau da babban yatsa, ya ce har yanzu da nama a jikinsa. Mu'azu ya ture hannun ba tare da ya dube shi ba.

Sajo ya ce yana da ɗan'uwa a wata ruga can bayan Sule Tankarkar, wanda ya fara noma yana neman san huɗa da ya san karkiya. Daga rugar zuwa titi tafiyar yini ce. In Mu'azu ya yarda, sai ya bar Jatau, ya ɗauki wani ɗan bijimi mai shekara uku a garken Sajo, wanda bai taɓa jan komai ba.

"Ba zai yanka shi ba?"

"Muddin yana jan garma, a'a. Bayan nan kada ka tambaye ni, ba zan yi maka ƙarya ba."

Mu'azu ya ce a bar shi ya yi shawara da gida. Ya koma Gumel ran Juma'a ba kaya, ta hanyar shanu a cikin daji, amalanke yana tsalle a kan kututture.

Safara'u ta saurara har ya gama. Ta ce, "Ɗan bijimi sai yaushe zai fara ja?"

"Sai bayan damina, in an yi sa'a."

"Masu kanwa kuma su jira ka?"

"Ba za su jira ba. Lado ya riga ya fara ɗaukar na mutum biyu a amalankensa."

Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Tsohuwar nan ta tambaye ka. Ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba. Amma Malam, hannun ba ya ɗaguwa. Mai ɗori ya ce da wuya ta sake daka da shi."

Mu'azu ya tashi ya ɗebi ruwan ɗumi da gishiri ya je ya wanke wa Jatau hanci. A wannan karon san ya tsaya, amma idonsa yana kan hannun har aka gama.

Ranar Litinin da sassafe ya ja shi suka tafi su biyu, ta daji, yana ɗingishi. Kwana biyu suka yi a hanya. Ɗan'uwan Sajo mutum ne mai kirki, ya karɓe su da nono da fura, ya duba haƙoran san ya yaba. Mu'azu ya tsaya yana yi masa bayani dalla-dalla: a hagu ake ɗaura shi, ba ya son a tsaya masa a baya, yana shan ruwa sau biyu kafin azahar, in ya yi aiki mai kyau a shafa masa wuya a ƙarƙashin kunne. Mutumin yana ta cewa to, to. Da bayanin ya ƙare Mu'azu ya sake farawa, sai matar gidan ta ce a hankali, "Baƙo, rana tana yi."

Ya kwance igiyarsa, suka sa tasu. Bai waiwaya ba sai da ya wuce shingen gonar, kuma daga nan bukka ta tare masa ganin Jatau.

Sajo ya aiko da ɗan bijimin ranar Asabar. Baƙi ne, mai tsalle-tsalle, yana tsoron inuwar amalanke. Fari ya ƙi cin harawa kwana biyu, yana ta kuka yana duban turken hagu. Da aka ɗaure baƙon a wurin sai ya kai masa ƙaho.

Safara'u ta fito ta tsaya a bakin zaure tana kallon mijinta yana kokawa da igiya.

"Wannan dama za ka koya masa?"

"Tukuna. Bari ya yarda da karkiya tukun."

"In ya yarda fa?"

Mu'azu ya goge gumi da hannun riga. Daga can titi aka ji wata mota tana tahowa daga Maigatari, ɗan bijimin ya zabura ya kusa kayar da shi.

"Ban sani ba, Safara'u," ya ce. "Riƙe mini nan, kada ya tsinke."