Kofunan Mushe Zakariya'u

Mushe Zakariya'u ya rasu ranar Talata bayan la'asar, bai samu ganin Hasiya mai sabulu ba. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe; katanga ɗaya ta raba gidansa da nawa a Malanville.

Tun da ya bar aiki ya koma dafa soɓorodo, ba don sha ba. Yakan tace ruwan ya zuba a ƙananan kofuna. In ya ɗiga lemun tsami, ruwan ya yi ja wur. In ya sa kanwa, ya koma kore. Mata na ce masa Mushe Bisap, wato Malam Soɓorodo, shi kuma ya ce su kawo duk abin da ke madafarsu a gwada.

Bara ya gwada ruwan rijiyar layinmu. Ya koma kore. Hasiya, bazawara 'yar Gaya, tana dafa sabulu kusa da rijiyar, tana zubar da ruwan soda a rariya. Mushe ya kai kofin gaban mai unguwa, ya ce sodar sabulunta ce ta shiga rijiyar. Ni na ɗauki maganarsa na sa a rediyon da nake wa aiki. Ban tambayi Hasiya komai ba. Aka hana ta dafa sabulu a layin. Da yake gadar kogin da ke kai wa Gaya a rufe take, a jirgin kwale-kwale ta haye da 'ya'yanta biyu.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarsa, ya aiko a kira ni. Na same shi a tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙafafunsa sun kumbura. Matarsa Balkisa na tsugune bakin randa.

"Sabiru, zamna ka ga abin kunya," in ji shi.

Ya zuba ruwan famfo a kofi, ya ƙara soɓorodo. Ya koma kore.

"Ruwan pampo na wanga. Balkisa, gaya mishi da mi kike wanke min kofuna."

"Da toka mana. Da mi aka wanke kofi in ana son shi yi ƙyalli?"

"Toka 'yar uwar kanwa ta. Na gaya miki?"

"Ka taɓa gaya min? Kai dai ka ce in wanke su tas. Shekara talatin ina wanke maka kwano da toka, ba ka mutu ba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya riƙe hannuna.

"Ka nemo min Hasiya, ɗiyar mutane. In roƙe ta da bakina."

Na nemi lambarta wajen mata, ba ta shiga. Litinin na ba Yari mai jirgi saƙo. Ya dawo ya ce a Gaya an gaya masa ta wuce wajen dangi a wani ƙauye, ba wanda ya san sunan ƙauyen. Na gaya wa Mushe. Ya ce, "To," ya juya fuska ga katanga.

Bayan jana'iza na tambayi mai unguwa ko za a sake gwada rijiyar. Ya ce wanda ya iya gwajin ai shi muka rufe yanzu. Na ce abin ba wuya, soɓorodo ne da kofi mai tsabta. Ya ce a bari a yi sadakar bakwai tukuna.

An yi sadakar. Har yau ba a gwada ba. Manyan tukwanen Hasiya na nan kife a bayan rijiya, awaki na hawa kansu da rana.